Tarihin Santiago Ramon y Cajal, Yaron Wanzami Da Ya Buɗe Sirrin Ƙwaƙwalwa

Da wuya a sami gari ko ƙauye a ƙasar Gwarzo da Kabo inda ba a san wani dattijo ko wata dattijuwa da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar ba. Mutum yana cikin harkarsa, ko a gona, ko a kasuwa, ko a ƙofar masallaci, sai a ga ya yanke jiki ya faɗi. In Allah ya sa da sauran kwana ya farfaɗo, sai a tarar hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sun ƙi motsi, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Tambayar da iyali kan yi wa likita guda ɗaya ce, watau ko maras lafiyan nan zai koma kamar yadda ya ke a da.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ba wannan tambaya amsa ta ilimi wani likita ne ɗan ƙasar Sifen, sunansa Santiago Ramon y Cajal, ana furta sunan nasa na ƙarshe Kahal. Ya rasu tun cikin 1934, amma masu bincike a kan gyaran ƙwaƙwalwa har yanzu a kan harsashin da ya kafa su ke gini. Tarihinsa ne za mu kawo wa masu karatu a wannan fili.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Cajal ran 1 ga watan Mayu, 1852, a wani ƙaramin ƙauye mai suna Petilla de Aragon, cikin duwatsun arewacin Sifen. Mahaifinsa, Justo Ramon, ɗan talakawa ne wanda ya fara da yaron wanzami. Wanzaman Turai na wancan zamani kuwa aikinsu ya yi kama da na namu, suna aski, suna fid da jini, suna ɗaurin rauni. Da naci da haƙuri mutumin nan ya yi ta karatu har ya zama cikakken likita, daga baya ma ya koyar da ilimin sassan jikin mutum a birnin Zaragoza. Saboda wahalar da ya sha, ya ƙudura a ransa lalle ɗansa likita zai zama, ko ya so ko ya ƙi.

Yaron kuwa ya tashi da ƙiriniya da taurin kai. Ba abin da ya ke so kamar zane-zane, duk bangon da ya samu sai ya zana doki ko jirgin ruwa a kai. Makarantar da aka kai shi a garin Jaca, malaman sun yi ta horonsa da bulala da yunwa, bai saduda ba. Yana da shekara 11 ya harhaɗa wata 'yar igwa da hannunsa, ya ɗura mata albarushi, ya fasa ƙofar wani maƙwabcinsu. Aka kulle shi a gidan waƙafi na 'yan kwanaki, da yardar mahaifinsa.

Da abin ya ishi uban, sai ya cire shi daga makaranta ya kai shi wurin wani wanzami ya koyi aski, daga baya kuma ya kai shi wurin wani baduku mai ɗinkin takalma. A nan hannunsa ya faɗa, ya iya riƙon aska da basilla. Ba wanda ya san wannan sana'a za ta amfane shi wata rana wajen yanka naman ƙwaƙwalwa sirara-sirara fiye da fatar albasa.

Cikin 1868 uban ya sake dabara. Ya riƙa tafiya da shi tsofaffin maƙabartu suna tsinto ƙasusuwa, ya ce masa ya zana su. Yaro ya ga ashe zane yana da wurin zama a cikin likitanci. Daga ranar ba a sake tilasta shi karatu ba. Ya shiga makarantar likita ta Zaragoza, ya gama cikin 1873 yana da shekara 21.

AIKIN SOJA DA JINYA

Da gama karatunsa sai aka ɗauke shi likitan soja. Cikin 1874 aka tura shi tsibirin Kyuba, wanda a lokacin ya ke ƙarƙashin mulkin Sifen, mutanensa kuma suna yaƙin neman 'yanci. Aka ajiye shi a wani asibitin daji cikin fadama, inda sauro ya fi harsashi kisa. Ya tarar waɗansu hafsoshi suna karkatar da abincin majinyata, ya tsaya musu, suka tsane shi. Shi kansa zazzaɓin cizon sauro da atuni suka kama shi, har aka fid da rai. Cikin 1875 aka sallame shi ya komo gida, ya rame ƙwarai.

Ɗan abin da ya tara na albashin soja da shi ya sayi madubin likita cikin 1877, shekarar da ya sami babban digirinsa a Madrid. Bai daɗe ba kuma tarin fuka ya kwantar da shi cikin 1878. Da ya sami sauƙi ya auri wata yarinya mai suna Silveria Fananas cikin 1879, suka haifi 'ya'ya bakwai. Matar nan ta yi haƙuri da ƙuncin gida, domin albashin mijin kaɗan ne, abin da ya ragu kuma a sayen magungunan rini da littattafai ya ke ƙarewa. Sau biyu yana shiga jarrabawar neman kujerar shehun malami yana faɗuwa, sai a ta uku, cikin 1883, ya sami kujera a Jami'ar Valencia.

Cikin 1885 annobar amai da gudawa ta auka wa Valencia. Hukumar lardin Zaragoza ta nemi ya bincika mata cutar, ya rubuta rahoto, aka saka masa da sabon madubi ƙirar Zeiss ta Jamus. Wannan kyauta ita ce ta daidaita kayan aikinsa da na manyan masanan Turai.

RININ AZURFA

A wancan zamani masana sun riga sun yarda cewa jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar yadda a ke gina soro da tubali. Wuri ɗaya ne ya gagare su, watau ƙwaƙwalwa. In an duba ta a madubi sai a ga zaruruwa sun cuɗe da juna, ba a san farko ba balle ƙarshe. Saboda haka yawancinsu suka ɗauka ƙwaƙwalwa raga ce guda ɗaya, a haɗe kamar komar masunta.

Cikin 1873 wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, ya gano wata hanyar rini. In an jiƙa naman ƙwaƙwalwa cikin wani magani, sa'an nan aka tsoma shi cikin ruwan azurfa, sai 'yan ƙwayoyi kaɗan su rine baƙi ƙirin tun daga jikinsu har ƙarshen rassansu, sauran kuwa su zauna ba launi. Amma rinin yana da gardama, yau ya kama, gobe ya ƙi, don haka mutane ba su kula da shi sosai ba.

Cajal ya fara ganin wannan rini cikin 1887 a gidan wani likita, Luis Simarro, a Madrid. A shekarar ce kuma ya koma Jami'ar Basalona. Ya ɗauki rinin ya gyara shi, yana tsomawa sau biyu kamar yadda marina kan maimaita turmi a cikin baba don ya yi kyau. Sa'an nan ya yi wata hikima. Maimakon ƙwaƙwalwar babba, wadda ta riga ta zama kurmi, sai ya koma ga ta 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai, da ta jariran ɓeraye da zomaye, inda itatuwan ba su gama yin rassa ba, ana iya bin kowanne daga saiwa zuwa ƙarshe.

Cikin 1888 ya ga abin da ya ɓuya wa kowa. Kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa a ware ta ke, rassanta suna kusantar na 'yar'uwarta har su taɓa ta, amma ba su narke cikin juna ba. Daga baya ya nuna cewa saƙo hanya ɗaya ya ke bi: yana shiga ta gajerun rassa, ya ratsa jikin ƙwayar, ya fita ta dogon zare guda ɗaya zuwa ta gaba. Cikin 1890 kuma ya gano ɗan kan da ke bakin zaren jijiya mai tsiro, wanda ke laluben hanya kamar kan yabanya. Ya yi hasashen cewa akwai wani sinadari da ke kiran wannan kai zuwa inda ya kamata ya je.

TAFIYA BARLIN DA SAMUN ƊAUKAKA

Ya kafa mujalla da kuɗinsa don ya buga abin da ya gano, ya aika wa masanan ƙasashen waje. Shiru ka ke ji. Ba mai karanta Sifananci a cikinsu, ba kuma wanda ya zaci ilimin kimiyya zai fito daga Sifen. Sai ya tattara ɗan ajiyarsa, cikin watan Oktoba na 1889 ya ɗauki madubinsa ya tafi taron masana sassan jiki na Jamus a birnin Barlin. Ya jera gilasansa a kan tebur yana jiran mai dubawa. Daga ƙarshe ya jawo hannun babbansu, Albert von Kolliker, dattijo mai shekara 72, ya sa shi ya leƙa. Dattijon ya duba, ya gamsu, ya bar ra'ayinsa na da, har ya shiga koyon Sifananci don ya karanta rubuce-rubucen wannan baƙo.

Tun daga nan sunansa ya bazu. Cikin 1892 ya sami kujera a Jami'ar Madrid. Cikin 1894 aka gayyace shi London ya yi lacca, inda ya bayyana ra'ayinsa cewa yawan aiki da ƙwaƙwalwa yana sa ƙwayoyinta su ƙara rassa da mahaɗai. Tsakanin 1899 da 1904 ya wallafa babban littafinsa a kan tsarin jijiyoyin mutum da dabbobi, cike da zane-zanen hannunsa. Cikin 1906 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Golgi. Abin mamaki, a wurin bikin a Stockholm Golgi ya tashi ya soki ra'ayin Cajal, ya nace a kan maganar raga. Kashegari Cajal ya yi tasa laccar, ya jera hujjojinsa, bai rama da zagi ba. A wannan shekara an yi masa tayin muƙamin ministan ilimi, ya ƙi karɓa, ya zaɓi ɗakin bincikensa.

HUKUNCIN DA YA YANKE

Bayan ya san yadda aka gina ƙwaƙwalwa, sai ya juya ga abin da ya fi shafar majinyata: in ta lalace, tana gyaruwa? Ya yi shekaru yana gwaji a kan zomaye da kyanwoyi da karnuka. Ya ga in an yanke jijiyar ƙafa, guntun da ke haɗe da jikin ƙwayar yakan sake tsiro, ya bi tsohuwar hanyarsa har ya isa tsoka. In kuwa raunin a ƙwaƙwalwa ne ko a laka, zaruruwan sukan fara tsiro na 'yan kwanaki, sa'an nan su tsaya, su bushe.

Cikin 1911 almajirinsa Francisco Tello ya yanko guntun jijiyar ƙafa ya dasa a cikin ƙwaƙwalwar zomo. Sai ga zaruruwan ƙwaƙwalwa suna tsirowa suna shiga cikin dashen. Wannan ya nuna musu cewa iri bai mutu ba, ƙasar ce ba ta da taki.

Cajal ya tattara waɗannan gwaje-gwaje cikin littafi mai juzu'i biyu a 1913 da 1914, wanda likitoci 'yan Sifen mazauna Ajantina suka biya kuɗin bugawa. Hukuncin da ya yanke a ciki mai ɗaci ne. Ya ce da zarar mutum ya girma, hanyoyin ƙwaƙwalwarsa sun kafu ke nan, ƙwayar da ta mutu ba a maye gurbinta. Amma bai rufe ƙofa ba, ya bar wa masanan da za su zo bayansa aikin warware wannan hukunci in sun sami iko.

Wannan shi ne bayanin shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe a cikin ka, ƙwayoyin da ta ke shayarwa su mutu cikin ɗan lokaci. Da ya ke hanyoyin saƙo suna gicciye juna a gindin ƙwaƙwalwa, rauni a hagu shi ke shanye ɓarin dama. Hannun lafiyarsa lau, mai ba shi umarni ne babu.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Ɗaukaka ba ta hana shi ganin jarrabawa ba. Ciwon sanƙarau ya ɗauke masa ƙaramar 'ya cikin 1891, babban ɗansa namiji kuma ya rasu cikin 1912. Daga 1907 ya shugabanci hukumar da ke tura matasan Sifen ƙaro ilimi a ƙasashen waje. Ya yi ritaya cikin 1922, matarsa ta rasu cikin 1930. Kunnensa ya yi nauyi, jijiyoyin jininsa suka taurare, amma bai ajiye alƙalami ba. Littafinsa na ƙarshe a kan yadda ɗan shekara tamanin ke ganin duniya ya ke. Ya rasu a Madrid ran 17 ga watan Oktoba, 1934, yana da shekara 82. Ya bar zane-zane kusan dubu uku, waɗanda Hukumar UNESCO ta shigar cikin kayan tarihin duniya a 2017.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Wajen shekara 20 bayan rasuwarsa aka sami madubi mai aiki da lantarki, aka ga ɗan ratar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya, maganarsa ta farko ta tabbata. Hukuncinsa na biyu kuwa, a hankali aka fara sassauta shi, kuma da dabbobi aka yi, kamar yadda shi ma ya yi.

Cikin 1961 James Till da Ernest McCulloch a Toronto ta Kanada suka nuna cewa a ɓargon ɓera akwai waɗansu ƙwayoyi iyaye, waɗanda ke haifar irinsu, su kuma haifi ƙwayoyin jini iri-iri. Su ne a ke kira ƙwayoyin tushe. Tsakanin 1962 da 1965 Joseph Altman a Amurka ya ba da labarin sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar manyan ɓeraye, aka yi biris da shi saboda girman sunan Cajal. Cikin 1981 Albert Aguayo a Montreal ya maimaita irin gwajin Tello, ya sami abin da Tello ya samu. Cikin 1992 Brent Reynolds da Samuel Weiss suka fid da ƙwayoyin tushe daga ƙwaƙwalwar babban ɓera.

A wannan tsakani masana a Japan sun tsara, cikin 1986, hanyar jawo wa ɓera shanyewar jiki, ta hanyar zura ɗan siririn zare ya toshe babbar jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa. Da wannan aka sami abin gwaji. Cikin 2001 a Detroit aka yi wa irin waɗannan ɓeraye allurar ƙwayoyin ɓargo, aka ga sun fi waɗanda ba a yi wa ba saurin komawa tafiya. Cikin 2002 a Jami'ar Lund ta Suwidin aka ga ƙwaƙwalwar ɓera da kanta tana haifar sababbin ƙwayoyi bayan raunin, suna ƙaura zuwa wurin. Sai dai mafi yawansu sun mutu cikin 'yan makonni, waɗanda suka rayu ba su cike ko ɗaya cikin ɗari na abin da aka rasa ba. An kuma lura cewa yawancin ƙwayoyin da a ke dasawa ba sa rikiɗa su zama na ƙwaƙwalwa. Amfaninsu shi ne sinadaran da su ke fitarwa, masu rage kumburi da taimakon tsiron jijiyoyi, watau takin nan da Cajal da Tello suka hango.

Tun daga 1998 a ke gwada dashen ƙwayoyi a kan mutane, a Amurka da Birtaniya da Japan da waɗansu ƙasashe, amma manyan gwaje-gwajen ba su nuna irin nasarar da aka gani a ɓeraye ba. Dalilan a fili su ke. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta wuce giram biyu ba, ta mutum kuwa ta haura kilo ɗaya. Ɓeran gwaji matashi ne lafiyayye, an san sa'ar da ciwon ya same shi. Majinyacinmu dattijo ne, sau da yawa ga hawan jini ga ciwon sukari. Saboda haka har yanzu wannan hanya tana matakin bincike. Duk wanda ya zo da ƙwaya ko gari a cikin leda ya ce ƙwayoyin tushe ne masu ta da shanyayye, to, a riƙe kuɗi, kada a sayar da akuya ko buhun masara a kansa.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan araha. Binciken da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka wallafa cikin 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo a ƙasashenmu. Awon jini a asibitin Gwarzo ko na Kabo ba ya cin minti biyar. In kuma abin ya auku, a gaggauta kai mutum asibiti tun a sa'o'in farko, kada a tsaya ana hayaƙi ana cewa iska ce ta buge shi. Bayan an sallamo shi, a dage da gashi da motsa gaɓoɓi kamar yadda likita ya tsara, gama ƙwayoyin da suka tsira suna iya yin sababbin rassa su ɗauki wani sashe na aikin waɗanda suka mutu, kamar yadda Cajal ya faɗa tun 1894.

Ga iyaye kuma akwai abin lura. Yaron nan da malamansa suka fid da tsammani a kansa, aka kai shi aski da ɗinkin takalma, zanen da aka yi ta dukansa a kai shi ne ya zama makamin aikinsa. Ɗalibanmu da ke bin hanyar Gwarzo zuwa Jami'ar Bayero kowace safiya su sani cewa mutumin nan da madubi ɗaya ya fara, wanda ya saya da guminsa, a ƙasar da ba a lissafa ta cikin masu ilimin kimiyya a lokacin ba. Aikin da ya bar wa na baya ba a gama shi ba tukuna. Allah ya ba majinyatanmu lafiya, ya kuma fid da mai ƙarasa wannan aiki daga cikin 'ya'yanmu, amin.